Abin da Almakashi Bai Ci Ba

Ƙarfe biyun dare a Montebideyo,
iskar kogi na taɓa ƙyauren taga,
shayin mate ya huce a ƙoƙonsa,
ni da allon kwamfuta muna kallon-kallo.

Kiɗan Heber na kwance a layi na huɗu,
shuɗi, dogo, kamar ƙayar kifi
da aka cinye tsokar aka bari a faranti.
Minti shida da daƙiƙa goma sha ɗaya,
shekara saba'in da uku na tafin hannu a ciki.

Da rana Yamandú, mai sutudiyo, ya ce,
"Tsohon nan yana makara, Maite. Gyara shi."
Sai na ɗauki almakashin da ba ya tsatsa.
Ƙyas, gaban kowane bugu.
Ƙyas, bayansa.
Abu ɗaya ya zama ɗari biyu da sha bakwai,
gutsattsari, kowanne da bakinsa biyu.
Na ja su da linzami ɗaya bayan ɗaya,
na tsayar da kowa a kan zanen awo
kamar sababbin kurata a filin fareti.
Inda aka sami giɓi na miƙa wutsiya,
inda aka yi karo na sulhunta,
wannan ya dushe, wancan ya taso,
har kunne ya kasa gano ɗinkin.

Tarin da ya yi a minti na uku, na share.
Ƙarar kujera, na share.
Motar bas da ta wuce ta titin Durasno,
ita ma na sallame ta.

Da hantsi ya hawo matakala,
yana hutawa a kowace ta biyar.
Ya zauna, hularsa a gwiwa,
na kunna masa lasifika.
Ya saurara har ƙarshe bai motsa ba,
yatsunsa ma ba su bi ba.
Sannan ya ce, "Yaron ya iya.
Ɗan wane ne?"

Na ce, "Kai ne fa."
Ya yi dariya, haƙori ɗaya na azurfa.
"Ni ban taɓa isa wuri a kan lokaci ba.
A unguwarmu da tafiya ake kaɗa ganga,
maɗauri a kafaɗa, dutsen titi a ƙasa.
Ƙafar hagu ke jiran ta dama,
hannu kuma ya jira ƙafa.
Wannan jiran shi kika cire.
Ina kika zuba shi?"

Ban zubar ba.
Sirrin aikin namu ke nan, da ban taɓa faɗa wa kowa
don ban ɗauke shi sirri ba:
yanki taga ne kawai.
Sautin na nan ɗungurungum a ƙarƙashi,
almakashi labule yake ja, ba ya cin nama.

Na kama gefen gutsure na farko, na ja.
Abin da na ɓoye ya fito yana miƙa.
Na koma baya, na koma baya,
sau ɗari biyu da wani abu,
kuratan suka watse,
kowane bugu ya koma inda ya ga dama,
wani a gaban zane, wani can a baya
kamar mai tsayawa gaisuwa a hanya.
Tari ya dawo. Kujera ta dawo.
Bas ta sake wucewa,
sai ga shi a daidai nan ya sassauta hannu
ya ba ta hanya.

Na ja gefen ƙarshe fiye da inda kiɗa ya tsaya.
Daƙiƙa tara na shiru,
numfashi,
sai muryarsa, nesa da makirfo:
"An ɗauka? To a ba ni ruwa."

Yatsunsa na bugun hular yanzu.
Yamandú zai yi faɗa da yamma.
Na adana, na sa wa fayil suna:
Heber, yadda ya zo.